Wankin Allo

Ranar da na yanke shawarar goge duk abin da ke cikin kwamfutar Yayana, na ɗauka aikin sa'a guda ne. Haka wani mai gyara ya gaya mini a titin Beirut da ke Kano, yana jujjuya ta a hannu kamar mai taya kaza a kasuwa. Ya ce, "Ai ba ta da wata cuta, kaya ne suka yi mata yawa. Ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, za ka ga ta dawo garau." Ya nemi in bar masa ita in dawo bayan la'asar. Na ce masa ya bari, zan yi da kaina. Aikin da ya yanka wa sa'a guda sai da ya ci mini mako uku, wani ɓangarensa kuwa ya bi ni har wata bakwai.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ce ƙirar HP, baƙa, mai nauyi, daga cikin irin waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Turai. Yaya ya saye ta ne tun ina sakandare. Ba mu san hannun wa ta baro ba, amma mun san ƙasar da ta fito, domin madannanta irin na Jamus ne: harafin Z yana zaune a gurbin Y, shi kuma Y ya koma gurbin Z. Da yake masu sayarwa sun ɗora mata tsarin Ingilishi, duk wanda ya bi abin da idonsa ya gani a kan madannai sai ta ba shi akasinsa. Ranar farko da Auta ta zauna za ta rubuta "Yaya", abin da ya fito a fuskar kwamfutar shi ne "Zaza". Muka yi ta dariya har Umma ta leƙo daga madafa. Sunan ya bi shi daga ranar. Shi kuwa wannan musayar ba ta taɓa damun sa ba, domin ba ya kallon madannai idan yana rubutu.

Da wannan na'ura ya riƙe gidanmu bayan rasuwar mahaifinmu. Da rana yana tsara wa wasu 'yan kasuwar Kantin Kwari lissafin shige da ficen kayansu, da dare kuma yana buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, shafi-shafi ake biyan sa. A lokacin dogon yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya faro a watan Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, ya ga ina neman lalacewa da barci da zaman majalisa. Sai ya zaunar da ni gabanta, ya rufe mini hannuwa da ɗankwalin Umma, ya ce sai na koyi bugu ba tare da leƙe ba. A kanta na rubuta nawa kundin daga baya. Bai ga sakamakona ba. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya yi ajalinsa, saura 'yan makonni a kafe mana sakamako.

Da aka zo rabon gado, aka yi wa kwamfutar kuɗi, ta faɗo a kasona. Na saka ta a jakarta na ɗora a kan sif, ta shekara a can. Dalilin da nake faɗa wa mutane shi ne ta yi nauyi, sai ta ɗauki minti goma kafin ta gama buɗewa. Wannan gaskiya ne, domin rumbunta mai cin gigabait 500 ya kusa cika, ga kuma ƙwayoyin cutar da ta kwaso daga filashin ɗalibai, irin masu ɓoye ainihin fayil su bar maka inuwarsa. Amma akwai dalilin da ban faɗa ba. Duk sanda aka kunna ta, hotonsa ne yake fara bayyana, da cikakken sunansa a ƙasa, tana jiran kalmar sirri. Yaya ɗan fari ne, Umma ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yayanku" take cewa. Rannan ta shigo ɗakina da kwanon abinci ta tarar da fuskarsa tana haske a kan tabarma. Ta ajiye kwanon a hankali ta fita, ba ta ce komai ba. Ban sake kunna ta a gidan ba.

Abin da ya sauko da ita daga kan sif shi ne Auta ta samu gurbin karatu a jami'a, kuma ba mu da halin sayen wata. A lokacin ina bautar ƙasa a wata makarantar sakandare a jihar Jigawa, na zo hutu. Auta ta ce tana so, amma ba za ta iya buga kalmar sirrinsa kullum safiya ba. Na fahimce ta.

Hanyar ba ta da wuya ga mai amfani da Windows 10. A cikin saituna akwai sashen sabuntawa da tsaro, a ƙarƙashinsa akwai na farfaɗowa, a nan ne maɓallin sake saita na'urar yake. Idan ka danna, sai ta ba ka zaɓi biyu. Na farko, ta cire manhajojin da aka ɗora mata da sauye-sauyen da aka yi wa saitinta, ta bar maka fayilolinka. Na biyu, ta kwashe komai da komai. Daga nan ta tambaye ka inda za ta samo sabon Windows ɗin: ko ta sauko da shi daga intanet, abin da kan iya cin data fiye da gigabait 4, ko ta sake gina shi daga abin da ke cikinta. Na karanta wannan duka a daren farko, na kai kibiya kan zaɓi na biyu, sai na tuna ban kwashe komai ba. Na rufe ta. Washegari na sayo filashi mai gigabait 64, na ce in ɗebi hotuna kawai in gama.

Wanda ya taɓa shiga ɗakin mamaci don tattara kayansa ya san yadda abin yake. Ka ɗaga riga ka tarar da rasit a aljihu, ka tsaya karantawa, kafin ka ankara rana ta faɗi. Haka na yi ta buɗe folda bayan folda. Ga hotunan Hawan Daushe na shekaru daban-daban, yawancinsu ƙura da bayan kawunan mutane. Ga kundayen ɗalibai fiye da ɗari, kowanne da sunan mai shi, mutanen da yanzu wataƙila suna ofisoshi ba su san mai buga musu ya rasu ba. Ga nawa kundin, kwafi shida, kowanne da gyaran da ya yi mini da jan rubutu. A gefen wani sakin layi ya rubuta, "Wannan jimlar ta fi ƙarfin numfashin mutum, raba ta biyu."

A rana ta biyar na ci karo da wani fayil na Excel mai suna "Bashi". Shafi biyu ne. Na farko na waɗanda yake bi, sunaye goma sha ɗaya, a gaban bakwai daga ciki ya rubuta "na yafe". Sunana yana cikin bakwai ɗin, har sau huɗu, da 'yan kuɗaɗen da nakan karɓa in ce zan mayar idan na fara aiki. Ashe yana rubutawa, yana kuma sokewa. Shafi na biyu na waɗanda suke bin sa ne. Mutum uku, jimilla naira dubu 190. Babu wanda ya zo ya yi magana a cikinsu, ko a zaman makoki, lokacin da Kawu ya miƙe ya yi cigiyar masu bin sa bashi kamar yadda aka saba, ko bayan nan. Na duba ranakun da ya karɓi kuɗin, sai na ga na san su. Biyu sun zo daidai da makon rajistata a jami'a, na ukun kuma makon da na biya kuɗin buga kundi da ɗaure shi.

Na daɗe zaune a wurin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren farko, da kibiyar nan da na kai kan "kwashe komai". Da na danna, da babu wani mahaluki a gidanmu da zai san da wannan bashi, kuma da Yaya yana kwance da nauyin da ya ɗauka saboda ni. A Suratun Nisa'i, inda aka zayyana rabon gado, an gabatar da wasiyya da bashi a kan kason magada. Mu kuwa mun riga mun raba, mun ci, mun yi addu'a mun tashi.

Na kai wa Kawu maganar. Ya ce hukuncin a fili yake, sai a mayar daga abin da aka raba, kuma mafi sauƙi a sayar da kwamfutar a rage. Umma ta ce a ɗauki 'yan kunnenta. Na roƙe su da su bar mini, tunda a kaina aka ci bashin. Na bi mutanen ɗaya bayan ɗaya. Na farko, wani dattijo mai sayar da atamfa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce tun ranar da ya bi gawar zuwa maƙabarta ya yafe dubu 50 ɗinsa, kada in sake tayar masa da zancen. Na biyu ya ce kunya ce ta hana shi zuwa, ga shi kuwa yana cikin matsi. Na ukun ya buɗe wani tsohon littafi ya nuna mini adadin, ya yi daidai da na Yaya har kwabo. Alawus ɗinmu na bautar ƙasa a lokacin naira dubu 33 ne a wata. Na riƙa cire dubu 20 ina raba musu, ina maleji da sauran, har wata bakwai.

Akwai kuma wata folda da na gani tun rana ta biyu na yi ta kewaye ta. Sunanta harafi ɗaya ne tak, kuma na san sunan wadda yake farawa da wannan harafi. Yaya ya nemi wata yarinya a unguwarmu shekara biyu, magana ta yi nisa, sai Allah bai yi ba. Yanzu tana gidan mijinta da ɗanta. Foldar ba ta da makulli, dannawa biyu ne tsakanina da abin da ke ciki. Zuciyata ta kawo mini hujjoji masu kyau. Ta ce wataƙila akwai wani bashin a ciki, tunda ga abin da na gano a wancan fayil. Ta ce wataƙila akwai muryarsa, wadda na fara mantawa. Ta ce ai ni ne magajin na'urar da duk abin da ta ƙunsa.

Da abin ya ishe ni, na sami Umma tana tsince shinkafa a tsakar gida, na gaya mata. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da yana raye ya taɓa nuna maka?" Na ce a'a. Ta ce, "To abin da bai nuna maka ba yana tsaye, kada ka leƙa yana kwance. Kuma ita ma baiwar Allah tana da nata mutuncin. Bashi ya rubuta shi inda za a gani, ka gani. Wannan kuwa ya ajiye wa kansa ne." Ta ci gaba da tsintarta. Na tuna karin maganar da takan yi mana muna yara idan ɗayanmu ya kwaso zancen wani gida, cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wannan magana ce ta sa na koma na karanta abin da gogewa take nufi a wurin kwamfuta. Ashe idan ka goge fayil, ko da ka zubar da kwandon shara, na'urar ba ta taɓa ainihin rubutun. Sunansa kawai take cirewa daga jerin abubuwan da ta sani, ta ɗauki gurbinsa a matsayin fili. Kamar littafi ne da aka yage masa shafin ƙumshiya: babukan suna nan daram, sai dai babu mai nuna maka shafin da suke. Muddin ba a rubuta wani abu a kan gurbin ba, mai manhajar tono zai iya dawo da su, musamman a irin tsohon rumbu mai faifai da ke juyawa, wanda shi ne a cikin tamu. Shi ya sa mutane suke sayar da waya ko kwamfuta suna ganin sun share ta, asirinsu kuma ya bi ta kasuwa. Don haka ne a cikin zaɓin kwashe komai aka sa wani ƙaramin maɓalli na tsabtace rumbu, wanda yake bin gurabun yana rubutu a kansu. Yana ɗaukar sa'o'i, amma yana sa dawo da abin ya yi matuƙar wuya. Auta za ta kai na'urar makaranta, za ta ba ƙawaye aro, wata rana za ta kai ta wurin gyara, wata rana a sayar. Na ga cewa idan har zan rufa wa Yaya asiri, sai in rufe shi ruf. Na kwashe hotuna da takardu da fayil ɗin bashi zuwa filashi. Foldar nan na bar ta inda take.

A makarantar allo, Malam ba ya barin yaro ya wanke allonsa sai ya zo ya biya karatun da ka, ba gargada. Idan ka yi tuntuɓe, sai ya ce koma, allonka bai isa wanki ba. Idan kuwa ka biya, ka je ka wanke, amma ruwan ba a zubar da shi inda ƙafa take takawa. Muna yara muna ɗokin wankin ne don a rubuta mana sabo, ba mu damu da hikimar jinkirin ba. Sai a waɗannan makonni uku na gane cewa sharaɗin wanki shi ne ka tabbata abin da ke kan allon ya koma wani wuri da zai zauna, kuma ka san inda za ka kai abin da ka wanke.

Na zaɓi daren Alhamis, domin a lokacin an fi barin mana wuta da dare. Batirin ya riga ya tsufa, ba ya wuce minti ashirin, kuma na karanta cewa idan na'ura ta mutu a tsakiyar wannan aiki tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Na jona caja, na zaɓi kwashe komai, na zaɓi ta sake gina kanta daga cikinta, na kunna maɓallin tsabtace rumbu. Ta jero mini abubuwan da za ta share, ta nemi in tabbatar. Na yi bisimilla na danna. Fuskarta ta yi duhu, wasu ɗige-ɗige suka fara zagaye, lamba ta bayyana a ƙasa: kashi 1 cikin ɗari.

Wajen ƙarfe goma da rabi, tana kashi 41, aka ɗauke wuta. Ban tsaya neman takalmi ba. Na sungume ta a buɗe, caja tana jan ƙasa, na fita da gudu cikin duhun lungu zuwa bakin titi, inda wani mai aski yake kai wa sha biyun dare da janareto. Ya ga yadda na shigo, bai tambaye ni komai ba, ya zare cajar wayarsa ya ba ni soket. Na zauna a kan bencin masu jiran layi, kwamfuta a cinya, ƙafafuna duk ƙura. Da lokacin tashinsa ya yi, ya dubi lambar, ya dube ni, ya aiki yaronsa ya ƙaro mai lita ɗaya. Muka zauna shiru, ni da shi, muna kallon lamba tana hawa. A wani wuri tsakanin kashi 41 da ɗari, foldar da ban buɗe ba ta tafi, da hoton da yake tarar mu a bakin shiga, da kalmar sirrin da yatsuna suka haddace. Ban san daidai lokacin ba, kuma na gode wa Allah da na'urar ba ta faɗa.

Da asuba, bayan an dawo da wuta, na tashi Auta. Fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, tana tambaya kamar baƙon da ya sauka a tasha: wace ƙasa ce wannan, wane tsarin madannai ake so, wa zai riƙa amfani da ita. Muka zaɓi Najeriya. Na tura mata ita gabanta ta rubuta sunanta. Ta buɗe cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, babu hoto, babu folda, sai fili.

Mai gyaran nan ya ce za ta koma yadda ta fito daga kamfani. Ta wani ɓangaren ya yi gaskiya, domin ta yi sauri, cutar ta tafi. Sai dai akwai abubuwan da saiti ba ya kaiwa gare su. Harafin A ya goge sarai saboda yawan bugu, kamar yadda duk mai rubuta Hausa zai zata. Inda tafin hannunsa na dama yake zama ya yi sulɓi yana ƙyalli. Tsagar da ta samu ranar da ya faɗi da ita a kan babur tana nan a kusurwa. Allon da aka daɗe ana rubutu a kansa ma haka yake, ko an wanke shi fes sai ka ga inuwar tawada a cikin itacen. Auta ta buɗe shafin rubutu don ta gwada madannan, ta sunkuya tana kallon haruffa kamar yadda ta saba, ta buga kalma ɗaya. Abin da ya fito shi ne "Zaza". Ta dube ni, na dube ta. Wannan karon ma Umma ta leƙo, domin ta ji sautin da ta kasa bambancewa, ko dariya ne ko kuka.

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10 na yau da kullum, kuma na'urarmu ta tsufa da ɗaukar Windows 11. Na san kwananta ƙidayayyu ne. Duk da haka tana can a ɗakin kwanan ɗalibai tana aiki, an sake mata batir, Auta kuma ta koyi bugu ba tare da leƙe ba, da ɗankwalin nan dai na Umma. Fayil ɗin bashi na buɗe shi sau ɗaya bayan biyan ƙarshe, na rubuta "an biya" a gaban sunaye biyu, "ya yafe" a gaban na ukun, na adana. Filashin yana cikin adakar Umma, a ƙulle cikin ƙyalle tare da takardun gida. Ba ta taɓa cewa a buɗe mata shi ba, amma duk sanda na zo gida takan ce in duba mata ko yana nan.